Yadda Ake Zuwa Sydney Daga Kathmandu a Awa Bakwai

Zauna, ɗauki biro. Sunana Tikaram Poudel. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Pokhara, kuma ban taɓa barin ɗalibi a baya ba, komai nauyin kansa. Kai ma ba zan bar ka ba.

Idan kana da 'ya a Sydney da tsohon ciki, kana kuma da mata a gida wadda ta rantse ba za ta yi doguwar tafiya ba, wannan darasi naka ne. Na gwada shi a kan matata Chandrakala, ya yi aiki. Bi matakan a jere, kada ka tsallake ko ɗaya, ni kuma na ba ka tabbacin za ta hau jirgi da ƙafarta, ta sauka da ƙafarta. Ko za ta ci gaba da yi maka magana bayan nan, wannan wani fanni ne, ba ni nake koyar da shi ba.

1. San gaskiya, sannan ka adana ta

Maƙaryaci marar ilimi abin tausayi ne. Kafin ka rage komai, sai ka san nawa ne.

Tsakanin filin jirgin Kathmandu da na Sydney akwai kilomita dubu tara da ɗari bakwai da 'yan kai. Tikitin da surukinmu Kushal ya yanka mana ya ce: awa biyar babu kwata zuwa Kuala Lumpur, awa uku ana zaman jira, sannan awa takwas zuwa Sydney. Haɗa su. Kada ka yi sauri, ina jiranka. Sha shida babu kwata, daidai.

Rubuta a takarda, karanta sau biyu, ninke, ka saka a littafin da matarka ba ta buɗewa. Ni a ƙamus na saka.

2. Ji iyakarta, ka yanko tafiyar daidai da ita

Kowace mace tana da awon da take auna nisa da shi. Na Chandrakala motar Pokhara zuwa Kathmandu ce.

"Baban Sirjana, awa nawa ne zuwa wajen yarinyar nan?"

"Me ya sa kike tambaya?"

"Gwiwar nan tawa awa bakwai ta sani, har da tsayawa cin shinkafa a Mugling. In ya wuce haka, a aiko min da hoton jaririn."

Tana wannan magana ne tana kaɗa nono, don man shanun da za ta kai wa mai jego. Wata guda ta yi tana tara kaya: man tausa, busasshen ganye, da jwano, ƙwayar nan da ake yi wa mai jego romo da ita. Shekara uku ba ta taɓa jikin 'yarta ba. In ba ta je ba, wanda zai yi wa Sirjana jego shi ne Kushal, yaron kirki wanda yake ƙona ruwan shayi. Saboda haka kada ka ɗauka cutarta za ka yi. Taimaka mata za ka yi, ba da saninta ba.

Ta ce bakwai. To, mu nemo bakwai.

Jira ba tafiya ba ne. Wanda yake zaune a benci bai motsa ba, tambayi kowane malamin kimiyya. Cire uku. Jirgin farko kuwa tasha yake kai ka, kuma ba wanda yake lissafa hanyar gida zuwa tasha a cikin tafiya. Cire shi. Saura takwas. Yanzu juya tikitin ka dubi na dawowa. Da yake agogon Sydney yana gaban na Kuala Lumpur da awa biyu, za ka ga an rubuta tashi ƙarfe ɗaya, sauka bakwai da rabi. Shida da rabi ke nan, a rubuce, da tawadar kamfani. Ƙara rabin awa don kada a ce ba ka da gaskiya.

Sai ka ɗago kai, ka ce da murya mai sanyi: "Bakwai ne, Maman Sirjana." Kada ka ƙara komai. Duk ragin nan don zuciyarka aka yi shi, ba don kunnenta ba.

3. Zaɓi ƙaramar duniya

Za ta ce a nuna mata. Kada ka kusanci taswirar bango. A kanta Ostareliya tana can ƙurya, kusa da ƙusa, sai an sunkuya.

Nemi mafi ƙanƙantar duniyar da za ka samu. Ni ina da abin fiƙe fensir mai siffar duniya, bai fi lemon tsami ba, wanda na ƙwace a hannun wani ɗalibi shekaru da yawa. Ɗora babban yatsa a Nepal, manuni a Sydney. Za ka ga har yatsun suna gogar juna.

"Wannan shuɗin fa?" in ji ta.

"Ruwa ne."

"Ya fi tafkin Phewa?"

"Ya ɗan fi shi."

Lura, ban yi ƙarya ba. Malami nagari ba ya cika wa ɗalibi kai da abin da ba zai fito a jarrabawa ba.

4. Toshe bakin wanda ya taɓa zuwa

A kowace unguwa a Pokhara akwai tsohuwar da ta je jego Ostareliya ta dawo da labari. Tamu Dilmaya ce, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ranar da ta ji, ko sallama ba ta gama ba ta tuɓe takalmi ta miƙe ƙafa a tabarma.

"Yaya, kin ga ƙafar nan? Kabewa ta zama. Kwana biyu muka yi a sama. Takalmina a hannu na sauko da shi a Melbourne, mutane suna kallona."

Kada ka yi musu. Mai musu da maƙwabciya ko ya yi nasara a tsakar gida, a bakin famfo za a kayar da shi. Yi murmushin da kake yi wa ɗalibin da ya kusa cin amsa.

"Melbourne ai gaba take, Dilmaya. Kuma jiragen lokacinku ne."

"Lokacinmu? Malam, bara waccan ce fa."

"To ai shi ne."

Nan take ka miƙa mata makullin gida, ka roƙe ta ta riƙa shayar da tulsi, shukar ibadar nan ta tsakar gida, ka kuma ambata, kamar ba da nufi ba, cewa gwabar bayan gida ta kusa nuna kuma ba mai ci. Daga ranar Dilmaya ta tuna cewa tafiyar ba ta da wani nisa, barci ɗaya ne.

5. Je wajen mai duba rana da fuskar da ka saba

Ba za ta taka ƙofa ba sai an duba ranar tafiya. Kada ka ja da wannan. Ɗauki kalanda da 'ya'yan itace, ku tafi.

Pandit Bhojraj ya gyara tabarau, ya bi layukan littafinsa da yatsa. Ya ce mu bar gida Lahadi, mu tashi Litinin.

"Amma ƙasar nan gabas take ko kudu? Litinin ba a fuskantar gabas."

"Kudu ce, Pandit. Can ƙasa."

Tana kudu, tana gabas. Zaɓi rabin da ya dace da tikitinka.

"Awa nawa?"

"Bakwai."

"Tashi ƙarfe ɗaya, sauka takwas na dare. Litinin ce har yanzu. Madalla. Da ta zame zuwa Talata da na hana."

A nan ka natsu, domin a nan na yi kuskure. Kowa ya san ba a rabuwa ranar Asabar, kuma waɗanda suka daɗe ba su ga juna ba ba sa haɗuwa ranar Talata. Wasu suna bi, wasu suna dariya. A gidana ba a dariya. Cikin Chandrakala na fari ya zube kwana uku bayan mahaifiyarta ta kawo mata ziyara ranar Talata. Likita ya faɗi nasa dalilin, ita ta riƙe nata, kuma shekara talatin da biyu ban taɓa yi mata musu a kai ba.

Ni da na koya wa yara dubu yadda rana take riga fitowa a gabas, ban tsaya na tambayi kaina ranar da za mu sauka ba. Na faɗi bakwai sau da yawa har na fara jin daɗinta. Kai ka duba. In ba ka duba ba, ci gaba da karatu, akwai sauran matakai don irinmu.

6. A cikin jirgi: hula da agogo

Abokin gabarka a sama ɗaya ne: ƙaramin talabijin ɗin da ke bayan kujera. Yana nuna wani ɗan jirgi yana rarrafe a kan taswira kamar kaska a bayan saniya, kuma ba ya jin kunyar kowa. Rataya hularka a kan nata. In ta tambaya, ce hasken yana ɓata ido.

Kada ka bari ta gyara agogonta. Bar shi a lokacin gida. Mutum mai agogo biyu yana fara tambaya.

Ba ta kujerar taga, amma ka rufe tagar.

7. Idan an isa tasha, kira ta tasha

Da jirgi ya fara sauka Kuala Lumpur, Chandrakala ta fito da sabon mayafi, ta gyara jan ɗigon goshinta a madubi. Ta dubi agogo.

"Ko bakwai ɗin ba ta cika ba. Ashe kai ma kana faɗin gaskiya."

Karɓi yabon. Ba zai daɗe ba.

Mun fito, ta duba hagu, ta duba dama. "Ina Sirjana?"

"Wannan tasha ce. Kamar Mugling."

"A Mugling an taɓa sauke ni aka ce in hau wata mota?"

"Tsarinsu ne a nan."

"Saura nawa?"

"Kaɗan."

Ta zauna a benci, ta tuɓe takalmi, ta dubi ƙafarta, ta dube ni. "Malam, shekara talatin da huɗu ina dafa maka abinci. Ranar da ka ce gishiri ya ɗan yi yawa kaɗan, akuya ma ta ƙi cin miyar. Na san kaɗan ɗinka."

Kada ka amsa. Nemo mata ruwan zafi, ka murza mata gwiwa. Ta riga ta yi nisa da gida, gaba ta fi baya sauƙi. Wannan shi ne ginshiƙin dabarar gaba ɗaya, kuma ba na alfahari da shi sosai.

8. Idan rana ta fito, yi shiru

A jirgi na biyu gajiya za ta yi maka aiki, za ta yi barci. Amma akwai abin da hula ba ta rufewa. Wani a kujerar gaba ya ɗaga tagarsa, haske ya shigo, aka fara raba karin kumallo.

"Buɗe tagar nan."

Na buɗe.

"Wannan ranar ta yaushe ce?"

"Ta nan ce."

"Ban tambaye ka ta ina ce ba."

Na ce Talata ce. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ka yi wa Pandit ƙarya, ka sunkuya ya sa maka albarka. Ka ɗauko ni daga gidana za ka tsayar da ni gaban 'yata, da cikin wata tara, ranar Talata." Ta ture farantin. "In mun sauka, ka kira Kushal ya mayar da ita gida. Ni a benci zan zauna har Laraba. Ai ka ce jira ba tafiya ba ne, na ji ka kana faɗa wa kanka a banɗaki."

A nan ilimi zai taso maka har wuya. Za ka so ka ce ranaku sunaye ne da mutane suka raɗa, ka kawo zancen layin da aka ja a tsakiyar teku. Haɗiye. Na san 'yata: tun asuba tana tsaye a bakin ƙofar fita, hannu a ƙugu, kuma in aka ce mata uwarta tana ciki ta ƙi fitowa, ba za ta koma gida ba, nan za ta tsaya tana kuka har ƙafarta ta kumbura. Na ci burodina, na ci nata.

9. Bar ta ta gano hanya da kanta

Mun sauka ƙarfe tara na safe. Muna cikin layin duba fasfo ta dubi hannunta, ta tsaya.

"Wannan agogon na gida ne?"

"Na gida ne."

"Biyar saura kwata ya ce. A Pokhara rana ta fito?"

"Tukuna."

"To wa ya ce Talata ce? A littafin Pandit yini ba ya shiga sai rana ta fito. Ni ba ranar mutanen nan nake bi ba, ban san ta ba, ba ta san ni ba. Ranata tana bayan dutse, in na ga 'yata kafin ta fito, Litinin ce. Yaushe za ta fito?"

Wannan kam na sani, aikina ne. "Shida saura minti takwas."

"To me kake tsaye kana yi? Kira min Dilmaya."

Idan matarka ta kai nan, gyaɗa kai kamar dama abin da kake shirin faɗa ke nan. Ba za ta yarda ba, amma ka gyaɗa.

Dilmaya ta ɗauka, tana ɗibar ruwan safe. "Yaya, kun isa? Ƙafar fa?"

"Bar ƙafa. Hau saman soro ki dubi gabas, kada ki kashe wayar."

10. Kada ka yi jayayya a kan man shanu

Layin fasfo ya ci minti ashirin. Jakunkuna suka ci arba'in, tamu ce kusan ta ƙarshe. Sannan aka tura mu teburin duba kayan abinci, domin na rubuta gaskiya a takardar shiga. Rubuta gaskiya a wannan takardar. Ƙaryar gida daban, ta ƙasar mutane daban.

Ma'aikacin mutum ne mai ladabi da haƙuri. Ya sa safar hannu, ya fara kwance ƙulli na farko cikin sha ɗaya, yana shinshinawa, yana tambayar sunan kowane abu. Chandrakala ta ƙulla su ne yadda ko ɓera sai ya nemi taimako.

Daga waya Dilmaya ta ce, "Yaya, kan dutsen Machhapuchhre ya yi ja."

"Dutse ba gidana ba ne. Dubi tulsi. Haske ya taɓa shi?"

"Bai taɓa ba. Amma kajin Malam sun fito."

"Kajinsa ne, ba su san lokaci ba." Ta juyo gare ni. "Tambaye shi saura nawa."

Na tambaya. "Ya ce kamar minti ashirin."

"Ashirin ɗinsu ko irin naka?"

"Nasu."

Ta dubi gwangwanin man shanun. Wata guda ta yi tana tara shi, cokali-cokali, daga nonon ɓaunar ƙanwarta. Ta ɗora hannu a murfin, ta ɗauke.

"Ce masa ya riƙe. Duka. In matarsa ta haihu, jwano cokali biyu a romo, kada ya ƙona."

Na fassara rabin farko kawai. Ya nuna mana inda ake barin kaya, ya yi mana godiya.

11. Tambayar ƙarshe

Daga teburin zuwa ƙofar fita taku arba'in ne. Matar da ta ce gwiwarta awa bakwai ta sani ta bar ni a baya da amalanken jakunkuna. A bakin ƙofa wayar ta yanke. Ta danna, ta girgiza ta, shiru.

Ƙofar tana buɗewa tana rufewa da kanta. Duk buɗewa sai mu hango Sirjana a bayan ƙarfe, ciki a gaba, tana miƙa wuya, Kushal yana riƙe da furanni kamar an ba shi ajiya.

Chandrakala ta rufe agogonta da mayafi, ba ta duba ba. Ta dube ni.

"Kai ne mai lissafi. Rana ta fito a gida?"

Ni na duba kafin ta rufe. Shida saura minti ɗaya, rana ta fito tun minti bakwai da suka wuce.

Ɗalibina, duk abin da na koya maka daga mataki na ɗaya shiri ne don wannan wuri. Kada ka yi murmushi, kada ka kalli ƙasa. Dubi idonta.

"Da saura," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Ta san kaɗan ɗina, ta san bakwai ɗina. Sannan ta gyara mayafi ta wuce.

Ban ji abin da suka fara ce wa juna ba, fuskarta tana cikin wuyan 'yarta. Da na iso, Sirjana tana share ido tana leƙen amalanken.

"Mama, ina kayan jegon da kika yi wata guda kina ba ni labari?"

"Na ba gwamnati."

"Duk ana sayar da su a shagon ƙasan gidanmu fa."

"Na shago," in ji Chandrakala, ta ɗora tafin hannu a kan cikin. "Dubi yadda kika rame. Wa yake dafa miki abinci, wannan?"

Bayan kwana goma sha biyu aka haifi mace, lafiya lau.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi malamin makaranta ne mai ritaya, ba ma'aikacin jirgi ba, ba mai duba rana ba. Babu ruwansa da kumburin ƙafa, asarar man shanu, fushin Pandit, ko gwabar da aka tarar an kakkaɓe har da ɗanya. Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya ɗauki biro da hannunsa, kada ya zo ƙofata da ƙorafi, kada kuma ya ambaci sunana a gaban matarsa.

Haka nan ban yi alkawarin dawowa da kowa ba. Chandrakala ta sa Sirjana ta karanta mata tikitin layi-layi, ta ce ba za ta sake hawa ba sai yarinya ta fara zama, kuma ba tare da malamin labarin ƙasa ba. Ni kaɗai na dawo. Ban rataya hula a kan komai ba. Na zauna ina kallon ɗan jirgin nan yana rarrafe, yana nisa da su, kuma babu awa ɗaya da na iya cirewa.